Gadon da Tafinta Ya Sayo wa Baba

Shekarun da Nasara suka kakkafa turakan iyaka tsakaninmu da Maraɗi, yayana ya samu aikin tafinta a shingen Jibiya. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, Faransancin kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Amma tun da ya sa wando mai aljihu ya riƙe bulala, gidanmu ya yi masa kaɗan. Akushin da muka tashi muna ci a ciki ya koma mazubin dusar akuya. Ƙoran jeren marigayiya Innarmu ya ce tarkace ne, matarsa ta kwashe ta jera kwanuka masu fenti. Ni kuwa a lokacin aurena ya mutu, zaman gida nake, ba mai tambayar ra'ayina.

Abin da ya rage shi ne gadon Baba. Gadon ƙasa ne, Inna ta gina shi da hannunta, da rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. Baba ya tsufa, sanyin ƙashi ya kama shi, in ɗari ya shigo ba ya iya miƙe ƙafa sai gadon nan ya ɗauki zafi. Ni ke zuba masa wuta kullum bayan la'asar.

Ana nan sai wani Bafaranshe da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Yaya gadon ƙarfe. A kan raƙumi aka kawo shi, unguwa ta fito kallo kamar an kawo amarya. Yaya ya ce na Baba ne, kowa ya shiga sa masa albarka. Ɗakin Baba kuwa ba zai ci gado biyu ba.

Baba ya ce, "Ɗan nan, ka ƙyale mani gadona. Wanga abu ta ina za a sa mashi wuta?"

Yaya ya ce, "Baba, uban tahinta ba shi kwana bisa ƙasa. Mi mutane za su ce?"

Na ce, "Yaya, mutanen su za su ji mashi ɗarin?"

Ya ce, "Ke, ruhe mani baki."

Ya kirawo magina, kafin azahar sun farfashe aikin Inna. Da ƙasar aka cike wani kwari a ƙofar gida.

Sabon gadon dogo ne, sai an cicciɓi Baba yake hawa, ga shi iska na ratsawa ta ƙarƙashi yadda ta ga dama. Na tura kaskon wuta, ya babbake gefen katifa. Ran nan Yaya ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya hana a sake shiga ɗakin da wuta. Bai tambayi yadda Baba ya kwana ba, katifar ya yi ta shafawa. Daga nan Baba ya sauko ya koma tabarma a ƙasa, yana duƙunƙune a gefen gadon.

In baƙi sun zo daga Gangara ko Daddara, sai Yaya ya sa a ɗora Baba sama. Su shigo su danna katifa, su ƙwanƙwasa ƙarfe, su ce kai, ɗan Malam ya haifu. Gadon suke zuwa gaisarwa. Ban taɓa raina mutane kamar yadda na raina waɗannan ba, manya da gemu, ba wanda ya lura tsohon yana rawar ɗari.

Wata safiya na kai masa koko, na tarar ya cika a kan tabarmar, gwiwoyinsa a ƙirji. Na kwarma salati. Yaya ya shigo da gudu, ya duba, ya saki asabarin ƙofa. Ko Innalillahi bai ce ba.

Ya ce da ni, "Kama ƙahwahun."

Na ce, "Wallahi ba ni kamawa."

Shi kaɗai ya ja uban da ya haife shi, ya ɗora a kan gadon, ya danne gwiwoyin har suka miƙe, ya lulluɓa masa bargo. Sannan ya ɗaga asabari ya fara kuka.

A zaman makoki ba abin da ake ta faɗi sai wai Malam ya yi kyakkyawan ƙarshe, shi ne na farko a Jibiya da ya cika a kan gadon ƙarfe. Yaya yana sunkuyar da kai yana cewa amin. Ina jin su daga bayan danga, ina wanke tabarmar.