Sha'ir a Sawun Jirgi

Wani tsoho yana tsaye a gefen gonarsa, alkyabbarsa ta ulu ta jiƙe sharkaf. Ban san shi ba. Mun daɗe muna roƙon ruwa, da ya sauka kuma sojoji suka zaɓi gonar nan don gwada ko ƙaton jirgin samansu na kaya zai iya tashi daga taɓo.

Wani soja yana auna zurfin sawun taya.

"Ya Hajji, matsa! Gwaji ya yi kyau."

"Kyau? Kai ɗan nan, tayar jirgi uwarka take dafa maka?"

Tsohon ya tsuguna yana tsinto tsiron sha'ir, yana sake dasawa. Ina zaton irin da ya hana iyalinsa ci ne. Can ƙarshen fili, jirgin yana juyowa.