Yatsan Tsohon Bakanike

A ƙofar gareji wani tsohon bakanike yana tsaye, hannuwa a baya, ya karkata kunne wajen inji. Jiya ya sa wa wata mota manyan nozul masu fesa mai, amma kwamfutar motar tana kan tsohon awo, tana ɗura mai fiye da kima. Yau an kira mai kwamfuta, shi kuwa an matsar da shi gefe. Da alama kunnen nan ne ya daɗe yana ciyar da gidansa.

"Ta daidaita, ranka ya daɗe," mai kwamfuta ya ce wa mai mota.

Tsohon ya duƙa, ya zura yatsa a salansar motar, inda hayaƙi ke fita. Yatsan ya fito baƙi ƙirin. Ya ɗaga shi, yana jiran a tambaye shi.

"Baba, ɗan matsa in fita," in ji mai mota.

Ya matsa, ya goge yatsan a wando.