Mai Ƙaho da Sabulu

Kawuna falken shanu ne. Shekara ashirin yana bin tirela zuwa Kudu, yana kai wa wani mahauci ɗaya kaya, har ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gida, a unguwar Gawon Nama ta Sakkwato. Mahaucin ya aiko cewa ba zai sayi abin da bai gani ba, tunda kawu ya daina zuwa. Ko dai a nuna masa shanun ta kiran bidiyo daga kasuwa, ko ya nemi wani. Ga shi a kasuwar ƙauyen da kawu ke sayayya, wayarsa ko gaisuwa ba ta iya isarwa sai ta yanke.

Ni kuwa ma'aikacin ofis ne mai shegen son tone-tone, duk abin da ke da maɓalli sai na danna. Na je wajen wani abokina mai shagon waya a Ƙofar Atiku, ya ba ni aron na'urar intanet iri biyu, mako guda. Ɗaya fara ce babba, da eriya biyu a tsaye, ba ta aiki sai an jona ta da wuta. Ɗayar baƙa ce, ba ta fi sabulun wanka ba, da batirinta a ciki. Na kai wa kawu, na shiga karanto masa abin da ke jikin kwali.

Ya katse ni. "Kai ɗana, bari karatun ga. Ba a sayen sa tsaye, sai an ga tahiyatai."

Ya juya su a hannu kamar mai duba haƙoran bijimi, ya sa wa farar Mai Ƙaho, baƙar kuma Sabulu. A gida duk biyun suka yi abin kirki, ni har na fara jin haushi, don so nake in ga wadda za ta fara ba da kai.

Ranar kasuwa muka ɗauki hanya. Na jona Mai Ƙaho a mota, ina lura da fitilunta. Inda Sabulu ke suma, ita tana nan daram. Na ce an gama magana. Ashe da sauran rina a kaba: mota ba ta shiga kara, wato wurin cinikin shanu, kuma daga inda muka ajiye ta zuwa turken shanun akwai tafiya. Muna yin nisa waya ta rabu da Mai Ƙaho.

Aka koma kan Sabulu. A aljihuna sanda ɗaya ta sabis take nunawa. Na ɗaga ta sama, ta ƙara ɗaya. Abin ya ba ni sha'awa, na ari sandar wani makiyayi, na ɗaure ta a kai da igiya, na ɗaga iya tsawon hannuna. Sai ga sabis ya cika. Amma ranar Sakkwato ba ta san baƙo ba, kafin mu gama murna Sabulu ta yi zafi jau ta mutu.

"Mi ya same ta?" in ji kawu.

Na ce rana ce. Da ta huce ta farfaɗo, ya cire malafarsa ya kifa mata. Mutane suka taru suna dariya, ni ina tsaye riƙe da sanda mai malafa, kunya kamar in nutse. Amma ba ta sake mutuwa ba.

Kawu ya kira mahaucin. Hoto ya fito tangaran. Ya dogara da sandarsa yana ɗingishi, yana zagaya wani farin bijimi, yana nuna tozo, yana nuna cinya. Na san in mutumin nan ya ce a'a, sana'ar kawu ta ƙare ke nan.

Mahaucin ya ce da gurguwar Hausarsa: "Alhaji, juya waya. Ka ce san nan yana da kyau, amma ka faɗa ina ganin fuskarka."

Kawu ya juya wayar, kansa ba malafa, gumi na zuba.

"Shina da kyau," ya ce.

"To, loda su. Amma ka rame, Alhaji."

Kawu ya shiga tambayarsa mutanen gida. Hannuna ya riga ya sage, amma ban sauke sandar ba sai da suka gama tambayar iyali ɗaya bayan ɗaya.