Celestine Mai Firam da Hoton Tsohon Shugaba

A unguwar PZ, bayan layin masu sayar da fenti, akwai ɗan shagon da Celestine ya tsufa a cikinsa yana yanka gilashi yana haɗa firam. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a Sabon Gari aka haife shi, in yana Hausa sai ka rantse Bazazzagi ne. Hotunan aure da na gama makaranta su ne aikin kullum. Babban aiki kuwa sai an canza gwamnati, ofisoshi su kawo firam a cire hoton tsohon shugaba a sa na sabo. Ba mai waiwayar wanda aka cire. Celestine bai iya jefa fuskar mutum a bola ba, sai ya riƙa jera su a bayan kabad.

Da aka sanar da rasuwar ɗaya daga cikin tsofaffin shugabannin, ya zaro hotonsa ya goge. Ya san fuskar sarai, har yadda hular ta ɗan karkace. Amma da ya tambayi kansa me mutumin ya yi wa ƙasa, sai ya ga saninsa bai wuce abin da rediyo ke maimaitawa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya rataye hoton a ƙofar shago, duk wanda ya tsaya kallo sai ya tare shi da tambaya.

Japheth, wani manomi daga Bomo, ya ce abin da yake tunawa shi ne taki ya zo musu kan lokaci, daga baya kuma shiru. Folasade mai atamfa ta taɓe baki ta ce a zamaninsa aka sallami mijinta daga aiki. Celestine bai musa wa kowa ba, sai dai ya ce, "To, daga nan fa?"

Rannan sai ga Malama Sarah, tsohuwar malamar firamare daga Samaru. Cocinsu zai yi addu'ar tunawa da marigayin, tana neman aron hoton.

"Mama, kin taɓa ganinsa ido da ido?"

"Ko sau ɗaya. Amma a lokacinsa aka buɗe makarantar horar da malamai kusa da ƙauyenmu. Babana ya ce tunda ba nisa, in je. Da ba haka ba, da ban riƙe alli ba."

"Shi ya ce a gina ta?"

Ta yi dariya. "Oga Celestine, ni ma na sha tambayar kaina. Wataƙila bai ma san da ita ba."

Ranar addu'ar ya rufe shago, ya rungumi hoton a cikin Keke Napep har Samaru. Ya zauna a bencin baya yana sauraro. Masu jawabi sun yi ta yabo, shi kuwa hankalinsa na kan wani dattijo da ya zauna bai tafa ko sau ɗaya ba, amma kuma ya yi addu'ar har ƙarshe. Da aka tashi Celestine ya bi shi waje, suka tsaya a gindin darbejiya suna magana har la'asar.

Da ya koma gida matarsa Lovelyn ta tambaye shi ko yanzu ya gane mutumin.

"Saura kaɗan," in ji shi. "Dattijon ya ce akwai wani direba a Basawa da ya fi shi sani. Asabar zan je."