Mai Agogon Sarƙa a Kasuwar Dayi

Yayana ya dawo daga yaƙin basasa yana jan ƙafa, amma ba ƙafar ce ta dame mu ba. Mutumin da a da yake ɗaga buhun dawa kamar matashin kai, sai ya zama in motar auduga ta yi ƙara a hanyar Funtuwa, ka same shi rub da ciki a gona, ya rufe kai da hannu. Inna ta kai shi wurin malamai, ya sha rubutun da zai cika rijiya. Maƙwabtanmu Maguzawa ma suka yanka masa baƙin zakara. Shiru.

Sai ga wani mutum ya sauka Dayi da farar riga irin ta asibiti da agogon aljihu mai sarƙa. Wai ya daɗe yana riƙe wa wani likita Bature jaka, a can ya koyi sa mutum barci ido biyu, ya zare masa tsoro kamar ƙaya. Ba zan zalunce shi ba: bayan zaman da suka yi a zaurenmu, Yaya ya sami barci, har da minsharin da ya sa kajinmu ƙaura.

Ranar kasuwa ya ce Yaya ya zo a ƙarasa magani. Ni na tafi Malumfashi gyaran garma, a bakin mutane na ji sauran. Ashe talla zai yi da shi. Ya zaunar da shi kan turmi kusa da 'yan goro, ya kaɗa agogo, ya shelanta cewa mai irin wannan barci ba ya iya ƙarya ko da wuƙa a wuya. Sannan ya tambaye shi abin da ya gani a yaƙi. Yaya ya faɗi abin da ko Inna bai faɗa wa ba: yadda ya lafe a rami, abokinsa na kiran sunansa, bai fito ba. Yana cikin kuka mai agogo ya tafa hannu da ƙarfi, Yaya ya zube yana rarrafe. Kasuwa ta kwashe da dariya, masu neman magani suka yi layi.

Daga ranar duk inda Yaya ya gifta sai a tafa masa. Ya daina leƙa ko ƙofar gida. Auduga ta fashe fari fat, aka kira gayya, ya ƙi fita.

Kasuwa ta zagayo na je na durƙusa gaban mai agogo, na ce ni ma tsoro ke cina. Ya washe baki, ga ƙanen soja da ƙafarsa. Ya maimaita shelarsa, ya kaɗa mini agogo, na lumshe ido na saki wuya kamar kazar da aka yanka.

"Me kake gani, ɗan'uwa?"

"Ranka ya daɗe, kai nake gani bayan rumbun Sarkin Noma, saɓe da jan bunsurun nan da ya ɓace."

Bunsuru kam ya ɓace, kowa ya sani, kuma na tabbata kura ce. Amma na ba su labari har da kalar igiya, da yadda ya gasa hanta, da yadda ya lashe yatsu. Ya mintsine ni a ɓoye, na ƙara masa agwagi biyu. Da ya rasa ta yi, ya ce ƙarya nake.

Wani tsohon Bamaguje ya jingina da fartanyarsa ya ce, "Malam, kai ka ce mai barcin nan ba ya ƙarya. Yanzu wanne za mu ɗauka?"

Ban taɓa ganin gudu irin na mai agogo ba. Na rantse ya riga inuwarsa isa Kafur. Ya bar takalmi ɗaya da agogon.

Na kai wa Yaya labari ina jiran dariya. Bai yi ba. Ya juya agogon a hannu ya ce, "Da a zaure ya tambaye ni, da na faɗa masa fiye da haka."

Amma gari ya sami sabon zance, kuma tunda mai barci ya iya ƙarya, ba wanda ya ƙara kafa hujja da zancen rami. Tafin da ake masa ya mutu. Yaya ya ɗauki buhu ya shiga auduga tare da mu.

Takalmin yana nan rataye a zaure. In mai shi yana raye, ya zo ya karɓa ranar kasuwa. Akwai satar raƙumin da ban faɗa ba tukuna.