Cokalin Inna Mai Awo

Kullum kafin mai shara ya gama goge baranda, Inna Mai Awo ta riga ta buɗe ɗakinta, na ƙarshe a asibitin unguwa. Takan shimfiɗa tabarma, ta cire awarwaronta ta zuba a aljihu don kada su yi ƙara, sannan ta jera kayan aiki: sikeli, jan ƙwallo, kofin silba da cokali. Abokan aiki kan tsokane ta wai shayi za ta sayar. Ita kuwa da su take gane jaririn da ke ji, da mai bin abu da ido, da wanda zama ko rarrafe ya yi wa nawa.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Iyaye da yawa suna da labarinta, amma na matar tela ya fi tsayawa a rai.

Ranar awo ce ta kawo ɗanta na fari, wanda bai daɗe da fara zama ba, surukarta na biye. Akwai abin da ke damun matar tela. Kwanakin baya murfin tukunya ya suɓuce mata dab da yaron. Ita ta zabura, shi ko ƙifta ido bai yi ba. Ba ta gaya wa kowa ba.

"Wannan ba zai wahalar da ke ba," in ji kakar tun daga ƙofa. "Mai haƙuri ne. Keken ɗinkin ubansa na ruri, shi yana barcinsa. Halin gidanmu ne."

"Wane gidan, Iya?" in ji Inna. "Ni na auna ubansa. Har bakin titi ake jin ihunsa."

Aka yi dariya, ban da matar tela. Ita ta ga fuskar Inna ta canza. Duk wanda ya yi aiki da Inna ya san babu kalmar da ke tayar mata da hankali kamar "mai haƙuri".

Aka zaunar da yaron a cinyar uwarsa, aka ba shi ƙwallo. Inna ta lallaɓa ta bayansu, ta buga cokali a kofi ta hagu. Yaron ya juya.

"To, kin gani," in ji kakar, tana tattara mayafi.

Inna ba ta motsa ba. "'Yata, sauke shi a tabarma."

"Ai ya juya, Inna."

"Ya juya. Gwiwarki ce ta juya shi."

Matar tela ta dubi ƙafarta kamar ta wani. Wallahi ba ta san ta motsa ta ba.

"Ba laifi kika yi ba," in ji Inna a hankali. "Jikin uwa haka yake, sai ya rufa wa ɗa asiri. Amma yau ki bar shi ya amsa da kansa."

Ta sauke shi, ta matse hannuwanta a cinya. Cokali ya yi ƙara ta hagu. Ya yi ta dama. Yaron na ta lasar ƙwallonsa.

"Kurma ne?" in ji uwar.

"Cokali ba likita ba ne. Babban asibiti za ku je, suna da na'ura. Kuma cikin makon nan."

Kakar ta ɓata rai. "Za ki sa wa jikana suna."

"Ba ni zan sa masa ba, Iya. In muka zauna jira, yaran makaranta ne za su sa."

Maƙwabtan shagon tela shaida ne: kullum Inna ta tashi aiki sai ta biya ta tambaya ko an je, har tela ya fara ɓuya a bayan yadi. Daga ƙarshe aka je. Ashe da sauran ji a kunnen, aka sa masa na'urar ƙara ji da wuri. Yau yana magana, yana kuma yi wa kakarsa musu, ita ko tana ta ƙorafin wai yaron nan ba shi da haƙuri.

Inna, ke ce mai duban gwiwar uwa lokacin da kowa ke duban yaro. Ke ce kika yarda a ji haushinki yau don kada a yi kuka gobe. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, amma akwai yaran da ke amsa nasu saboda ke. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da alheri.

Sai dai hankalin matar tela bai gama kwanciya ba. Ta sake haihuwa, mace, kuma an fara yabon jaririyar wai ba ta da rigima. Ranar da za ta kawo ta, wata ma'aikaciya daban za ta tarar a ɗakin ƙarshe.

Ke da za ki gaji ɗakin nan, da duk mai irin wannan aiki, don Allah ku yi koyi da Inna. Ku cire awarwaro, ku shimfiɗa tabarma. In aka ce muku yaro mai haƙuri ne, ku ɗauko cokali.