Ranar da Kawu Ɗanlami Ya Cire Hula

Duk wanda ya zauna a unguwar Al Muntazah ta Doha ya san Kawu Ɗanlami, kuma ya san hularsa kafin ya san fuskarsa. Doguwa ce mai ruwan toka, a karye ta gefen hagu. Da ita yake tuƙi, da ita yake cin abinci, kuma Alhaji Isuhu mai gadi, wanda suka yi shekaru a ɗaki ɗaya, ya rantse da ita yake barci. Tun da labarin rasuwarsa ya iso daga Bakori, ba wanda ya yi mini ta'aziyya a cikinku bai ɗan rage murya daga baya ya tambaye ni ba: wai da gaske ne na taɓa ganin kansa? Da gaske ne. Amma ku yi haƙuri na kai ku wurin da irin tafiyarsa, a hankali.

Kun tuna mai askinsa, ɗan Bangaladash ɗin nan na bayan masallaci. Kawu zai zauna, ya tura hular dama a aske hagu, ya tura ta hagu a aske dama. Tsakiya kuwa ya ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Shekarar da ya yi niyyar Umara majalisarsu ta cika da murna, tunda mai harami ba ya rufe kai. Alhaji Isuhu har hutu ya nema a wurin aiki don ya bi shi ya gani da idonsa. Sai aka wayi gari Kawu ya tafi a motar 'yan Indunusiya, babu Bahaushe ko ɗaya a ciki. Da ya dawo Alhaji Isuhu ya ce an ci amanar abota. Kawu ya miƙa masa dabino da ruwan Zamzam.

"Ibada na je, Isuhu, ba baje koli ba."

Sai kuma gaisuwarsa. Kawu ba ya wuce mai aiki bai ce masa sannu da aiki ba, kuma da Hausa yake faɗa. Ba'indiye mai shara, ɗan Nepal a kan tsani, Balarabe mai wankin gilashin shago, duk ɗaya ne. Na taɓa ce masa ai ba sa ji. Ya ce shi ba kunnensu yake gaisarwa ba, guminsu yake gaisarwa.

Shi wan mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Inna. Lokacin da na zo Doha karatun digiri na biyu shi ya tare ni a filin jirgi, kuma shi ya yi wa Mama alkawarin zan gama lafiya. Ba a yi nisa ba na fara neman karya masa alkawarin. Karatun bai gagare ni ba. Garin ne ya ƙi shiga zuciyata. Ɗakina a Al Aziziya tagarsa ba ta buɗewa. In fita daga sanyin na'ura in shiga sanyin na'ura, ko'ina gilashi, ko'ina tsabta, babu ƙanshin komai. A gida kuwa na san an fara yankan dawa, amalanke na shigowa gari da yamma, yara na tauna takanɗa a bakin hanya. Na daina cin abinci sosai. Wata Juma'a na haɗa akwatina, na kira Kawu na ce ƙarshen wata zan koma.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce a garinmu ba a barin wuri ana dab da kaka, in bari a yi kaka tukuna. Na ce Kawu, wace kaka a ƙasar da ba a damina? Sai ya ce idan ya nuna mini kaka a Katar, da idona, zan kwance akwatin? Na amsa, don na tabbata na ci shi.

A lokacin zafi ya karye, iska ta fara daɗi da safe. Ranar Asabar ina tsaye a ƙofar gidanmu sai na ji wani gurnani daga ƙarshen layi. Wata jar mota ce ta tsere, mai kujera biyu, cikinta kamar zai shafi kwalta. Ta ɗan kafil ɗinsa ce, wato maigidan da yake yi wa tuƙi, yaron da Kawu ya yi ta kaiwa makaranta tun yana ƙarami. Ya tafi karatu waje ya bar masa makulli, ya ce ya riƙa fita da ita kada ta yi sanyi. Rufinta a buɗe yake, Kawu na ciki da babbar riga, hular nan tsaye kamar hasumiya. Na tambaye shi me ya sa ya buɗe rufin. Ya ce ya gwada shiga da shi a rufe, motar ta ce ko ita ko hula, shi kuma ya raba musu gardama.

Matsalar ita ce, mota mai buɗaɗɗen rufi idan ta yi gudu iska tana ɗauke hula. Don haka Kawu ya hau babban titin arewa da motar da aka ƙera don ta tsere wa iska, ya kama gefen dama, yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Motocin ɗaukar ruwa suna wuce mu. Wata tsohuwar akori-kura cike da tumaki ta wuce mu, tumakin suna waiwaye. Injin yana ta gunaguni a bayanmu kamar dokin da aka ɗaure ranar sallah. Kawu ya shafa sitiyarin ya ce ta yi haƙuri, kowa da irin jarrabawarsa.

Ba mu kai Al Khor ba ɗan sanda ya tsayar da mu. Saurayi ne mai ladabi. Ya duba takardu, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya tambaya ko ta lalace ne. Kawu ya ce lafiyarta ƙalau. Ɗan sandan ya ce to ya Hajji, wannan tafiyar ta yi kaɗan a wannan titi, ko ya rufe rufin, ko ya ajiye hular a cinya ya ba ta wuta. Kawu ya dube shi da tausayi, ya haɗa Larabcinsa da Hausarsa ya ce:

"Ɗana, motar nan ta mai ita ce. Hular kuwa tawa ce."

Ɗan sandan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya nutsu sai ya nuna mana wata ƙaramar hanya da ke bi ta cikin gonaki, ya ce can ba za mu tare wa kowa hanya ba. Kawu ya ce dama can za mu, sannan ya yi masa sannu da aiki.

Daga nan ƙasar ta buɗe. Ban taɓa sanin fari yana da launuka da yawa haka ba sai ranar: farin tsakuwa, farin ƙasa mai gishiri, farin sama can ƙarshen gani inda take haɗuwa da ƙasa. Raƙuma suna kiwo a wani kwari da ya ɗan yi kore. Nan da can wata bishiya guda a tsaye, ita kaɗai da inuwarta. Kawu ya taka burki a gindin ɗaya, ya ce in duba ganyenta da kyau. Kurna ce. Irin ta bayan makarantar allonmu, ba ta canza komai ba don ta zo ƙasar Larabawa. Zuciyata ta motsa, amma na dake na ce kurna ba kaka ba ce. Ya ce haka ne, Inna ba ta taɓa sayen abu a rumfar farko ba.

Muka yi ta wuce gonaki masu katanga, da dogayen rumfunan leda da ake shuka tumatir a ciki, da layukan dabino. Duk inda ya hango mutum a sunkuye sai ya tsaya ya yi masa sannu da aiki. Su ɗago, su kalli jar motar, su kalli hular, su ɗaga hannu. Rana ta fara yin ƙasa. Na lura ya daina ba'a, yana ta leƙen bayan kowace katanga. A nan na gane ashe bai san inda zai kai ni ba. Alkawari kawai ya yi, ya fito nema.

A wata gona ta ƙarshen hanya muka ga wani dattijo baƙi da farin rawani irin na 'yan Sudan yana gyara bututun ruwa. Kawu ya tsaya, muryarsa a gajiye.

"Sannu da aiki."

Dattijon ya miƙe a hankali, ya share hannunsa a riga.

"Yawwa, sannu kadai. Mutanen ina ne?"

Shekara da shekaru Kawu yana jefa gaisuwar nan, sai ranar aka cafe. Ya nemi fita daga motar da sauri, babbar rigar ta naɗe giya, sai da dattijon ya kamo hannunsa ya ciro shi kamar ana ciro guga daga rijiya. Sunansa Malam Adamu. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gari. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, wadda rabona da jin ta tun rasuwar kakata.

Da Kawu ya gaya masa abin da muke nema, bai yi dariya ba. Ya zagaya da mu bayan ɗakinsa, inda ruwan bututu ke ɗiga. A wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba ya shuka dawa, ta nuna, kawunanta sun sunkuya. A gefe ga yakuwa, soɓorodonta ja wur. Ya karyo kan dawa guda ya ba ni. Na kai shi hancina. Sai ga gidanmu gaba ɗaya: rumbu, da turmi, da muryar Mama tana kiran a kwashe shanya. Na tsuguna a wurin na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa, su kuma suka ba ni baya suna hirar irin dawa, kamar ba su ji ba.

Malam Adamu ya tsinko mini soɓorodo har hannuwansa suka cika, ya waiga neman abin zubawa, babu. Zai tafi ɗaki ya duba, sai Kawu ya ce ya tsaya. Ya kai hannu biyu ya cire hular, ya tara.

To, ga amsarku. Babu tabo, babu laya, babu ƙaho, Alhaji Isuhu. Kai ne kawai, ɗan ƙarami, da furfura mai laushi kamar ta audugar rimi, da fatar da rana ba ta taɓa gani ba. Ya ɗora mini hular a hannu, cike fal.

"Inna, an yi kaka ko ba a yi ba?"

Na ce an yi.

Da muka hau babban titi za mu dawo, ya shafa kansa, ya ji iska, ya kalli hular a cinyata, sannan ya kalli titin da ya miƙe babu kowa. Ya ce in riƙe ta da kyau. Sai ya taka totur. Wayyo, ashe tsohon nan ya iya tuƙi! Motar ta yi wata ƙara kamar an kwance mata dabaibayi, dabinai suka koma zare, mayafina yana neman tashi sama, ni ina dariya ina salati, shi yana cewa yalla, yalla, yau ranarki ce. Bai haura ƙa'ida ba, ya tsaya mata a kan layi cif, amma mun wuce akori-kurar tumakin nan a hanyarta ta dawowa, kuma sai da ya ɗaga mata hannu.

Kafin mu shiga gari ya tsaya, ya juye soɓorodon a gefen mayafina, ya karkaɗe hular ya mayar. Jan tabon nan da kuka yi ta tsokanarsa a kai, wanda ya ce muku ado ne na masu ɗinkin zamani, daga nan ya samo shi.

Na kwance akwatin a ranar. Na gama karatun, ya zo bikin da hular mai tabo, ya yi wa shugaban jami'a sannu da aiki. Kan dawar yana rataye a jikin tagata har yanzu.

Allah Ka jiƙan Kawu Ɗanlami. Ya gaishe da bayinKa a harshen da ba su sani ba, bai gaji ba. Ka sa mala'ikun rahama su tare shi da sannu da aiki, Ka sanyaya kan nan da ya buɗe saboda ni. Amin.